Dajin Cikin Tabarau

Assalamu alaikum. Wata goma sha ɗaya rabona da in rubuta komai a nan. Waɗanda suka yi ta turo saƙo ban amsa ba, ku yafe ni. Ba girman kai ba ne, ciwo na yi.

Da yawanku kun san an tare motarmu a hanyar Zurmi, aka kora mu daji ni da yayana Lawali. Kwana ashirin da shida muka yi. Zazzaɓi ya kama shi a can, ya cika, kansa na bisa cinyata.

Aka yi min barka da arziki, na koma shagona na ɗinki a Kaura. Mutane sun ga ina tafiya da ƙafafuna, suka ce ai ya warke.

A sati na biyu ina kan keken ɗinki wani babur ya wuce a guje. Ƙirjina ya ɗaure, numfashi ya ƙi shiga, gumi ya jiƙa rigata. Na ɗauka ajali ne. Daga ranar abin ya zama kullum, ko gindin itace ba na iya zama.

An auna jinina, an manna min wayoyi a ƙirji an duba zuciya, duk lafiya lau. Na sha maganin olsa, na sha na taifot, na sha rubutu. Wani ya ce iska ce, wani ya ce rashin tawakkali ne. Wannan ta biyun ta fi yi min ciwo.

Amma babbar damuwata Inna ce. Tana Dauran, ciwon ƙafa ya hana ta shiga mota, kuma tun da aka kai mata labari ta ƙi karɓar gaisuwar Yaya. Duk mai zuwa ta'aziyya sai ta ce a dakata. Na kira ta zan yi bayani, ta katse ni.

"Ba a hwaɗin wanga abu ga waya. Kai kag gani. Ka taho in jiya daga bakinka."

Sau uku ina shiga motar Zurmi, sau uku ina sauka tun ba a bar gari ba. Na ji kunya, na tsani kaina.

Matata Hafsatu ce ta ji labarin wata likitar ƙwaƙwalwa da ke zuwa daga Gusau duk Laraba. Na ce mata ni ba mahaukaci ba ne. Ta ce, "Na sani. Tashi mu tahi."

Likitar ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Malam Nura, zuciyarka lafiya take. Jikinka ne bai san an sako ka ba."

Ta ba ni ƙwayoyi, ta kuma ɗauko wani ƙaton tabarau da ake ɗaura wa mutum a fuska, sai ya ga kansa a wani wuri daban. Ta maƙala min wani abu a yatsa mai auna bugun zuciya. Ta ce idan zuciyata ta tashi hoton zai yi duhu, idan ta kwanta zai washe.

Tana kunnawa na gan ni a tsakiyar daji, itatuwa ko'ina, tsuntsaye na kuka. Na fizge abin, na tsinci kaina a ƙarƙashin tebur.

Ta durƙusa tana ba ni haƙuri. "Laifina ne. Waɗanda suka ƙera shi, a ƙasarsu daji wurin shan iska ne."

Duk da haka sai da na yi dariya. Su kam Allah ya hutar da su.

Ta sauya min da bakin teku, abin da ban taɓa gani ba. In ja numfashi in ƙirga huɗu, in sake shi in ƙirga shida. Sama ta yi baƙi, na ci gaba da ƙirgawa, a hankali ta yi haske. Ranar na fara ganin tsorona da idona, na kuma ga ashe yana jin magana.

A Laraba ta shida, da kaina na ce a mayar min da dajin. Minti ɗaya na iya. Sati na gaba na yi uku. Daga baya ta sa ina ba da labarin Yaya ina ciki; in ya yi duhu in tsaya in yi numfashi, in ya washe in ci gaba. Sai a sati na goma na kai ƙarshen labarin.

Juma'ar da ta wuce ni da Hafsatu muka shiga motar Zurmi da safe. Da muka zo inda aka tare mu ƙirjina ya ɗaure kamar da. Hafsatu ta riƙa ƙirga min a hankali, ban sauka ba.

Na zauna gaban Inna na faɗa mata duka: ya nemi ruwa na ba shi, ya ce ta yafe masa, ya yi kalmar shahada, an bar mu mun yi masa salla mun rufe shi.

Yaya ɗan fari ne, tun da na yi wayo ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. Ranar ta ce, "Allah shi jiƙan Lawali." Sannan ta sa a shimfiɗa tabarmi.

Ban warke sarai ba, har yau babur na razana ni. Amma na gode wa Allah, na gode wa Hafsatu da likitata.

In kuna da wanda ya dawo daga daji, kada ku ce ya warke don yana tafiya, kada ku ce masa ba shi da tawakkali. Ku kai shi asibiti ku tambayi likitan ƙwaƙwalwa. Ko babu tabarau, za a koya masa numfashin.

Ku sa Yaya Lawali a addu'a. Mai son zuwa Dauran ya zo, yanzu Inna tana karɓar gaisuwa.