Kofur Na'iya Ba Ya Aike

Duk Kebbe an san Kofur Na'iya ba ya aiken kowa. Mutum da 'ya'ya cike da gida, amma ko ashana yake so sai ya zura takalmi ya tafi da kansa. Na daɗe ina ɗauka baƙin hali ne, sai da na bi diddigi.

Shekarar da aka samu mulkin kai aka kwashe su aikin soja zuwa Kwango, shi da abokinsa Bube. Na'iya ya dawo, Bube bai dawo ba. Da ya je gaisuwa, Inna Atu, uwar Bube, ta ce, "Na'iya, wa ya aike ku? In ka aiki ɗan mutane ya mutu bisa hanya, kai ka fara zuwa gaisuwa. Shi taho, ga tabarma nan."

Haka al'adar take, kuma tsohuwar ba wasa take yi ba. Ta ƙi naɗe tabarmar.

Na'iya ya shiga nema. Sajensu ya ce shi oda aka ba shi. Hafsansu ya ce daga sama ta zo. Ranar kasuwar Tambuwal ya tare wani ɗan majalisa yana shirin shiga mota, ya ce, "Ranka ya daɗe, ku kunka ce a tafi?" Mutumin ya gyara babbar riga ya ce wannan sai Ikko, babban birnin ƙasa, kuma can ma wata majalisa ce ta duniya ta roƙa. To ita wa ya san ƙofarta? Ni kaina abin ya ɗaure mini kai, a ce an kwashi mutane zuwa wata ƙasa amma babu mai aiken.

Da ya rasa na sama, sai ya juyo yana bin odar ƙasa-ƙasa. Ranar da abin ya faru ruwa ne ya ƙare musu a sansani, hanyar rafi kuwa ba lafiya. Saje ya ce a aika mutum guda, bai faɗi suna ba. Kofur ne ya duba ya zaɓi wanda ya fi yarda da shi.

Na'iya ya koma gidan Inna Atu, ya cire takalmi, ya zauna a kan tabarmar.

"Inna, na sama ban same su ba. Amma rafin, ni na aike shi."

Ta ce, "Ka zo ke nan. Tashi in naɗe."