Baba Tanko da Kabewar Wadi Fatima

Duk wanda ya yi dako da mu a kasuwar kayan miya ta Jidda ya san Baba Tanko ba ya taɓa kabewa sai ya gaishe ta. Zai zagaya ta, ya ƙwanƙwasa, ya kara kunne, sannan ya ce, "Hajiya, za mu ɗan dame ki." Larabawa suna dariya, suna ce masa Abu Dubba, don dubba suke kiran kabewa. Ko a jikinsa!

Dokarsa ba ta canzawa. Babbar kabewa ba a jan ta ta kara, ba a rungumarta. A mirgina ta kan buhu, mutum huɗu su kama kusurwa huɗu, a durƙusa, a miƙe tare. Yakan ce, "Bayan ɗan dako shi ne gonarsa. In ya karye, sai bara."

Wata rana wani kuku ya cafki wata ta kara zai ɗaga. Baba Tanko ya kama kunnensa ya ja sama.

"Esh hada, ya shekh?" in ji kukun da Larabci, wato mene ne haka, malam?

"Na ga haka kake ɗaukar manya, na ce ko kai ma haka kake so."

Buhun nasa kuwa, kai jama'a! Tun saukarsa daga jirgin ruwan da ya kawo shi daga Suwakin ta Sudan suke tare, faci ya fi asalin buhun yawa. Na taɓa kawo masa sabo fil. Ya juya shi, ya taɓe baki. "Haruna, wannan bai san aiki ba tukuna." Ya kai gida aka shimfiɗa wa akuya.

To, ga abin da ban taɓa gaya muku ba. Wata kaka aka kai mu wata gona a Wadi Fatima lodin kabewa. Mun gama, saura guda, wata gandamemiya da hannuna biyu ba su zagaya ta. Abokan aikinmu biyu sun tafi shan ruwa, direba yana ta azalzalarmu, "Yalla, yalla!" Baba Tanko ya ce a jira su. Ni da ƙuruciya ke ɗiba na ce, "Haba Baba, tsufa ne ya zo?"

Ya dube ni. A shekarun da na san shi, ranar kaɗai ya karya dokarsa, don kada in raina shi.

Muka mirgina ta kan buhunsa, muka ɗauka mu biyu. Mun kai ta bakin mota, gumi ya sa kusurwa ɗaya ta suɓuce mini. Da wani ne sai ya kauce ta fashe. Shi bai iya ganin abinci a ƙasa ba, sai ya tare ta da ƙirji. Na ji ƙarar bayansa da kunnena. Yana kwance cikin turɓaya, abin da ya fara tambaya shi ne, "Ta tsage?"

Bai sake miƙewa ba. Shekara uku yana kan tabarma a ɗakinsa na unguwar Ruwais, matarsa Inna Hauwa tana sayar da ƙosai tana ciyar da shi. Duk wanda ya zo dubiya sai ya ce masa, "Buhun nan ne ya ci amanata, ya yage." Ku yi ta dariya kuna cewa rowa ce ta ja masa, shi ma yana taya ku. Ni ina rakuɓe a bakin ƙofa, kunya kamar ta kashe ni.

Sau ɗaya na buɗe baki zan faɗi gaskiya a gaban Inna Hauwa. Ya katse ni: "Halas, ya isa, Haruna. Kana da 'ya'ya. Wa zai sake kama buhu da kai in aka ji?"

Na binne maganar, na ci gaba da cin abinci da bayana. Yau da muka dawo daga binne shi, ba sauran mai hana ni. Buhun bai yage ba, jama'a. Hannuna ne.

Allah, bawanka Tanko ya rufa mini asiri alhali yana kwance saboda ni. Ka rufa masa nasa, Ka sauke masa duk wani nauyi, Ka sa ya miƙe tsaye a Aljanna. Amin.