Dosiyen Yaya Habu da na buɗe wa kowa

Shekara huɗu ke nan da aka kai yayana Habu makwancinsa, kuma har yau in na bi ta bakin tabkin Madarumfa, inda lambunanmu suke, sai in sunkuyar da kai.

Shi ya shirya wa ƙungiyarmu ta mata masu lambu dosiye guda a intanet, wato ma'ajiyar bayanai, kowace tana buɗewa a salularta. Da yake karatun yawancinmu bai yi nisa ba, sai ya ɗauki hoton fegin kowa, ya naɗi muryarsa yana faɗin iyaka: daga gindin ɗorawa zuwa rijiya, na wance ne. Dubawa da saurare na kowa ne. Canzawa da gogewa kuwa, shi kaɗai. Da ciwo ya tsananta ya ƙara sunana, ya ba ni izini irin nasa, ya ce, "Rabi, bar su su gani, kar ki bar su su taɓa. Ko da Inna ce."

Na ce to.

Bayan sadakar arba'in, Hajiya Tsahara, shugabarmu, ta tare ni gaban mata. "Ke da na yanke wa cibi, yau ke za ki tsare mana ƙofa?" Aka kwashe da dariya. Ban iya ɗaga ido ba. Goyo a bayana, nan take na ba kowa izinin canzawa.

Ba a yi wata biyu ba salular wata baiwar Allah ta cika, ga hotunan bikin suna tana son ɗauka. Ta goge dosiyen, a zatonta daga tata kaɗai zai fita. Ya fita daga ta kowa. Kafin in lura, kwanakin da ake iya maido shi sun wuce.

Iyakoki mun sake aunawa, da musu da rantsuwa. Muryar ce ta tafi.

Nakan tambayi kaina me zai ce yau. Na san ba zai yi faɗa ba. Murmushi zai yi ya ce, "Rabi ke nan." Wannan ya fi mini duka zafi.

Sabon dosiyen yadda ya koya mini na tsara shi, kullum sai na duba ko yana nan. Bara Hajiya ta sake nema. Na durƙusa har ƙasa na ce, "Hajiya, ki gafarce ni, gani kawai." Abin da ya rage mini nasa ke nan. Allah Ya jiƙanshi.

Jiya ɗiyata, wadda na goya ran nan, ta ce, "Mama, yaya Kawu Habu ke magana?" Na gyara murya na ce, "Daga gindin ɗorawa zuwa rijiya."

Ta ce, "Ai wannan taki ce."