Hannun Baba da Dabinon Jarirai

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar Baba, kuma har yau in na ga ana tauna dabino za a shafa wa jariri a baki, shi nake tunawa.

Mahaifina hauni ne, mai zartar da hukuncin kisa da takobi idan alƙali ya yanke. Kakansa ma aikinsa ke nan a ƙasar Hausa. Ya taho hajji a ƙafa don ya rabu da shi, sai ga aikin ya biyo jikansa har Madina.

A gida Baba sarkin tsokana ne, kuma ko kaza ba ya yankawa, sai Umma ta kai wa maƙwabci tana mita. Abu ɗaya ne ba a wasa da shi: ba ya ɗaukar jariri. Da na haifi Hajara, na miƙa masa ita da dabino, sai ya mayar da hannayensa baya ya ce, "Ba da wannan hannun ba, 'yata. A kira liman." Na yi kuka, na kuma ji haushinsa ƙwarai.

Kafin kowane kisasi, Baba yakan je gidan dangin wanda aka kashe ya roƙi yafiya. Galibi korarsa ake yi. Wata tsohuwa a unguwar Ranuna da aka kashe wa ɗa, Baba ya yi ta zarya ƙofarta, ba ta yafe ba sai da takobi ya riga ya tashi.

Ina gidanmu wankan jego wani direba ɗan Sudan ya yi sallama, rungume da jinjiri. Ina bayan labule na ji ya ce, "Ya ammi, baffana, ni ne wanda tsohuwar Ranuna ta yafe wa. Ba don kai ba, da babu yaron nan. Wallahi kai za ka sa masa dabino." Baba ya karɓi yaron, ya sa masa dabinon. Ban jira baƙon ya fita ba, na zo na dire masa Hajara a cinya na ce, "Saura taka." Ya yi dariya, hawaye na bin gemunsa.

Yanzu a waya ake yaɗa hoton masu yafiya, kowa na yabo. Na san da Baba zai yi murna, ya kuma yi tsaki, don shi a ɓoye ya yi nasa roƙon.

Takobin ya koma hannun hukuma tun kafin ya rasu, ban kuwa yi kewarsa ba. Baba nake kewa. Watan jiya Hajara ta haihu. Na tambaye ta da Hausa wa zai sa dabino, ta amsa da Larabci, kamar kullum, wai a kira wanda kakanta ya roƙar wa rai. Direban ya zo daga unguwar Bi'ir Ali, gemu duk furfura, ya raɗa wa yaron sunan Baba a kunne.