Daminar da Gudawa Ba Ta Shigo Gidan Inna Ba

Shekara biyar ke nan da rasuwar mahaifiyata, Inna Hadiza, amma duk lokacin da ruwan sama ya cika kwatocin unguwarmu ta New Bell, yara suka fara amai da gudawa, sai na kasa zama wuri ɗaya.

Inna ta san wannan ciwo tun kafin in yi wayo. Ƙannena biyu ta binne saboda shi, kowanne bai kai yaye ba. Ba ta cika maganarsu ba, sai dai ko a makwabta ta ji an ce cikin yaro ya ɓaci, ranar ba ta cin abinci. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya gudu.

Da korona ta zo, mu tsoronta muke ji, ita kuwa Inna kamar dama ta samu. Ta kafa bokiti mai famfo da sabulu a bakin ƙofa, ta ja kujera ta zauna kusa. In na dawo daga kasuwar Sandaga, inda nake sayar da albasa, ba na taɓa kowa sai na wanke hannu har gwiwa. Yaran gidan hayarmu sun daina zuwa makaranta, sun daina cin abinci a kwano ɗaya da yaran layi. A wannan daminar matata Rabi ta haifi 'yarmu, aka sa mata sunan Inna, Inna kuma take kiranta Takwara.

Damina ta wuce ba yaron da ya kwanta a gidan. Inna ce ta fara lura. Ta ce da ni, "Sani, ashe sabulu kawai ya raba ni da 'ya'yana."

Amma tsoron nata bai tsaya a bakin ƙofa ba. Ta hana a kai Takwara asibiti awo da rigakafi, wai can cutar take. Ba korona ce ta ɗauki Inna ba, hawan jini ne, jaririyar tana rarrafe.

Bayanta aka buɗe komai. Takunkumin fuska ya koma aljihu, bokitin ya koma na wanki. Takwara ta soma bin yara waje, sai ciwon ya shigo layinmu kamar mai bin ramuwa. Gida gida ake kwasar yara. Tamu ta yi amai har idanunta suka faɗa, ko ruwan gishiri da sukari ba ya zama a cikinta. Na riƙe ta a kan babur, kanta yana lilo a kafaɗata. A asibiti nas ɗin ta daɗe tana laluben jijiya kafin ta samu ta ɗaura ƙarin ruwa. Ta ce yaran zaman gida ba su taɓa haɗuwa da ƙwayar ba, shi ya sa take kayar da su tare. Sai ta tambayi Rabi ko an ɗiga wa yarinyar rigakafin gudawa a baki. Rabi ta ce ba a ɗiga ba.

Takwara ta tashi. Ɗan makwabcinmu, sa'anta, bai tashi ba.

Tun lokacin nake juya abin. Da Inna tana raye, me za ta ce? Za ta ce mun yi sake da tsafta, kuma da gaskiyarta. Ko za ta yarda cewa garin gudun gara ta kusa kai jikarta gidan zago? Na san halinta. Ba za ta amsa da baki ba, amma da safe ita za ta goya yarinyar zuwa layin rigakafi, tana faɗa da duk wanda ya sha gabanta.

Inna ba ta bar mana gida ko fili ba. Rashin haƙuri da ciwon yaro ta bar mana, kuma ga mamakina Rabi ce ta fi kowa gadonsa. Makon jiya wata amarya a gidanmu ta ce zawon jaririnta na haƙori ne, zai wuce. Rabi ba ta yi musu da ita ba. Mayafi ta ɗauka, ta karɓi yaron ta saɓa, ta ce, "Taso mu je, a hanya kya gaya min."

Allah ya haskaka kabarin Inna, ya haɗa ta da 'ya'yanta biyu.