Tayin da Ya Cinye Rabin Sa

Shekarar da aka kore mana shanu a Babban Duhu, sa ɗaya ne ya tsira, shi ma don yana ɗaure a bayan ɗakin Baba ana yi masa maganin ƙafa. Sa ɗaya kuwa ba ya jan garma. Abin da ya kai ni Libiya ke nan: in samo kuɗin da za a saya masa ɗan'uwa kafin ruwa ya sauka. Ban je don in gina gida ko in sayi babur ba. Sa na je nema.

Ɗan kawuna, mutumin Darini, ya riga ni zuwa da shekara uku. Taubashina ne, tun muna yara ba ya kirana da komai sai bawansa. Shi ya samo mani aiki inda yake, a wani gidan buga bulo da ke gefen garin Sabha. Muna ɗaukar bulo daga bakin inji mu jera a rana, ranar Alhamis da yamma a sallame mu.

Aji shida na yi a firamare, kuma abin da na riƙe a ciki lissafi ne kawai. Saboda haka tun makon farko na tsara rayuwata. In an biya ni, sai in raba kuɗin gida huɗu. Kashi uku in cusa a cikin wata tsohuwar safa, in tura safar cikin matashin kai: wannan na sa ne. Kashi ɗaya na ciki ne, shi kuma in raba shi bakwai, in ƙulle kowane a leda daban. Na so in rantse ba zan taɓa safar ba, sai na tuna kaffara, na fasa. Alkawari kawai na yi wa kaina. Kullum kafin in fita aiki sai na matsa matashin na ji tana nan, wani lokaci in kai bakin ƙofa in dawo in sake matsawa.

Abincin ba wani mai wuyar lissafi ba ne. Da safe burodi da shayi. Da dare taliya da tumatirin gwangwani da rabin albasa. Na rana shi ne na gaske: in tashi bayan sallar asuba in tuƙa tuwon garin alkama, in kaɗa miya da kuka da daddawar da Inna ta ɗauro mani, in zuba a roba in tafi da shi. Kifin gwangwani sau biyu a mako, Juma'a da Talata. Na gwada wannan tsari wata biyu, bai taɓa ba ni kunya ba. Ranar Alhamis ledar ƙarshe takan ƙare daidai lokacin da sabon kuɗi ke shigowa. Na lissafa, na sake lissafawa, na ga in Allah ya yarda kafin damina za a sayi sa sosai, mai tozo.

Sai aka kawo sabon makaniken inji.

Dattijo ne daga ƙasar Bangaladash, siriri, gemunsa ja da lalle. Ba ya jin Hausa, ni ba na jin yarensu, Larabcinmu mu biyu in an haɗa bai fi na gaisuwa ba. Ranar da ya fara aiki, ina zaune a inuwar bulo na buɗe robata, ya zo zai wuce. Na yi abin da duk ɗan da aka haifa a gidan mutunci zai yi. Na nuna masa tuwon na ce, "Bismillah."

A wajenmu kowa ya san yadda ake yi. Ka yi tayi, a ce maka "Alhamdulillahi, a ci lafiya," mai wucewa ya wuce, kai ka fita hakki, shi ya fita kunya, tuwo kuma yana nan yadda yake. Na yi wa ɗaruruwan mutane tayi a rayuwata, a gona da tasha da kasuwar Batsari, ban tuna wanda ya zauna ba.

Dattijon ya tsaya. Ya dubi miyar, ya dube ni, ya je ya wanke hannu, ya dawo ya zauna.

Ranar na ji daɗi ma, gaskiya. Na ce lada ce ta biyo ni har inda nake. Washegari ya sake biyowa ta wurin, don hanyar famfo ce, babu wata. Na ce Bismillah. Ya zauna. Jibi ma haka. Yana ci a hankali, ba ya magana, yana haɗiye kowace loma da ƙyar kamar mai tunanin gida, ni kuwa ina kallon bangon tuwon yana rushewa ta ɓangarensa. In mun gama ya dafa ƙirji ya yi mani addu'a, in ce amin.

Ɗaukar bulo da rabin ciki ba ya yiwuwa. Dole na ƙara gari. Ƙarin gari ya jawo ƙarin mai. Kuma baƙo ba a ba shi miya tsirara kullum, sai kifin Juma'a da na Talata suka koma na kowace rana. Makon nan ledar Alhamis ta ƙare tun ranar Talata.

Na kai kuka wurin taubashina a ɗaki. Yana kwance yana danna waya.

"To ka daina yi masa tayi mana," in ji shi.

"In ci yana wucewa, ina kallonsa yana kallona?"

"Ka dubi ƙasa. Ƙasar Libiya faɗi gare ta, ba ka rasa inda za ka duba."

"Kowa ya ci shi kaɗai, ai ka san sauran."

"Shi kaɗai zai mutu. Kai kuwa ku biyu kuke ci, amma kai kaɗai za ka mutu, bawana. Dubi wuyanka kamar na zalɓe."

"Kai ba ka yi masa tayi ne?"

"Ni a tsaye nake cin nawa, ina tafiya. Wa zai zauna wa mai tafiya?"

Ban iya cin abinci a tsaye ba, an hana mu tun muna yara. Sai na nemi wasu dabarun. Na farko, na riƙa faɗin Bismillar a hankali, can cikin maƙoshi, yadda ba zai ji ba. Ranar ya wuce abinsa. Amma tuwon ya ƙi shiga. Na zauna ina tambayar kaina, tayin da ba a ji ba tayi ne ko yaudara? Kafin ya dawo daga famfo na riga na yanke wa kaina hukunci, na ɗaga murya na sake yi. Ya zauna.

Na biyu, na ɗauki robata na zagaya bayan tulin yashi, inda babu mai bi. Na ci loma uku ina waige-waige kamar wanda ya sato. Sai ga shi ya biyo ta nan, na ɗauka wayar wuta ya zo dubawa. Ina ɗaga kai na gan shi, kafin in yi shawara da zuciyata bakina ya riga ya yi aikinsa.

Na uku ita ce har yau ba na son tunawa. Na fara azumin Litinin da Alhamis. Babu abincin rana, babu tayi, leda biyu sun huta. Mutane a wurin aiki suka fara girmama ni, wani Basudane har malam yake ce mani. Ni kuwa kullum da asuba in zan ɗaura niyya sai in tsaya: wannan azumi don Allah ne ko don dinari? In ce don Allah ne, sai in ji lissafin gari yana tafiya a bayan kaina. Wata Litinin na sake niyya har sau biyar.

Duk da haka kuɗin bai isa ba. Wata Laraba na wayi gari babu gari, babu mai, babu leda. Na zauna a bakin katifa da matashin a cinyata. Na ce aro zan yi, in mayar ranar Alhamis. Na zaro safar. Ban mayar ba, don makon da ya biyo baya ma haka aka yi, da na bayansa. Tun ina ƙirga abin da na cira har na koma auna shi da jikin sa: yau na ci kunne, wancan makon na ci wutsiya, ga shi an fara shiga cinya.

Ana cikin haka Baba ya kira. Bayan mun gaisa, na tambayi Inna da yara da unguwa, ya ce, "An fara ganin hadari ta gabas. Na je kasuwar Batsari na duba, shanu sun yi tsada, kowa su yake nema. Ina dai fatan abin ya kusa."

"Ya kusa, Baba."

"To madalla. Kana dai cin abinci ko? Kada ka matse cikinka saboda mu."

"Ana ci, Baba. Har da baƙi."

"Haka ake so," in ji shi. "Ɗan gidan nan ba ya ci shi kaɗai."

Wata uku aka yi a haka. Rannan, wata Asabar, mun tashi aiki ina wanke ƙafa a famfo, na hango dattijon ya ja taubashina gefe. Taubashina ya daɗe a ƙasar, Larabcinsa ya nuna. Dattijon yana magana ƙasa-ƙasa, yana dafa ciki, yana nuna ni da haɓa. Na ce shi ke nan, ya gane ina ƙirga masa loma. Ko kuwa ya ga fuskata ranar bayan yashi. Na fara shirya yadda zan nemi gafara.

Taubashina ya taho yana tafe yana riƙe dariya, dattijon na biye da shi, kansa a sunkuye.

"Bawana, an aiko ni gare ka da roƙo."

"Na me?"

"Dattijo ya ce don girman Allah ka yi masa rai ka daina kiransa cin abinci."

Na dubi dattijon, taubashina ya ci gaba.

"Ya ce wannan koriyar miya mai yauƙi, tun ranar farko ba ta zauna masa a ciki ba. Wata uku ke nan kullum sai ya biya kemis. Kuɗin maganin ya fi ƙarfinsa, shi ma 'ya'ya gare shi a gida, abin da yake ware wa kansa a mako bai kai naka ba."

"To don me yake zama?"

Taubashina ya juya ya tambaye shi. Dattijon ya yi bayani mai tsawo, yana buɗe tafin hannu.

"Ya ce yadda aka tarbiyyantar da shi, in talaka ya kira ka ga abincinsa da sunan Allah, ka ƙi, ka wulaƙanta shi. Ya ga kai baƙo ne, ga ka ramamme, kullum kai kaɗai a inuwa kana roƙon wanda zai zauna da kai. Ya ce tausayinka yake ji. Har canza hanya ya yi wata rana, ya bi ta bayan yashi don ya kauce maka, sai ga ka can ma ka tare shi."

"Abincinsa fa?"

"Yana da shi. Shinkafa da wake yake dafowa. Sai ya ci naka, nasa ya ba masu gadi, don ba sauran wuri." Ya share hawayen dariya. "Ya ce ranakun da ya fi so a mako su ne Litinin da Alhamis. Yana yi maka addu'a Allah ya ƙara maka son ibada."

Dattijon ya kama hannuna da hannu biyu yana ba ni haƙuri. Ni ma ina ba shi haƙuri. Muka tsaya a bakin famfo kowa na neman gafarar ɗan'uwansa da yaren da ɗayan ba ya ji, taubashina na tsakiya ya ƙi fassara ko ɗaya.

A nan aka yi sulhu. Na ce ni dai ba zan iya daina tayi ba. Sai taubashina ya koya masa amsar, ya maimaita har ta zauna. Daga ranar in ya zo wucewa in ce Bismillah, ya dafa ƙirji ya ce "Alhamdulillahi, a ci lafiya," ya wuce da sauri kamar wanda ya tsallake rijiya.

Sai dai ruwa bai jira sulhunmu ba. Mako biyu bayan nan aka yi ruwan shuka a gida. Na zazzage safar, na ƙirga sau uku ko za ta canza magana, na kai wa mai aika kuɗi. Abin da ya isa hannun Baba bai kai kuɗin sa mai tozo ba. Ɗan bijimi ya samu, wanda bai gama girma ba, kafaɗarsa ba ta kai ta tsohon san namu ba. Bai yi mani ƙorafi ba, albarka ya sa mani. Ni ma ban faɗa masa inda sauran ya tafi ba, don ban san ta inda zan fara ba.

Na dawo gida bayan an yi girbi. Karan gero na nan tsaye a gonarmu, kuma tun daga bakin hanya na ga abin da ya faru. Babban san ya fi ƙarfi, ƙaramin yana baya, sai garmar ta riƙa karkata gefe guda. Duk layukan gonar sun lanƙwasa kamar baka, tun daga wannan iyaka har waccan. Maƙwabcinmu na gona yana ɗaure dami, ya gaishe ni da zuwa, ya tambayi hanya da mutanen can, sannan ya dubi layukan ya dubi Baba.

"Malam, wai wannan huɗa taka, sabon salo ne?"

Baba ya nuna ɗan bijimin da ke cin kara a gefe.

"Ɗan Libiya ne," ya ce. "Bai gama sanin ƙasar nan ba tukuna."