Jikan Mai Tsaron Agogon Ƙasa

Girdhari bai san lokacin da aka haife shi ba. Uwarsa dai ta ce shanu na dawowa daga kiwo. Duk fandit, wato malamin Hindu, da ya je wa don a duba masa taurari sai ya ture takardar, ya ce ba a duba wa mutum ƙaddara da ƙafar saniya. Da rasuwar matarsa, da gobarar ɗakinsa, duk a kan wannan ya ɗora su.

Ikon Allah, sai aiki ya kai shi gidan agogon ƙasa a Delhi, inda nake sayar da shayi a bakin ƙofa. Agogunan atam ne, wasu akwatuna a ɗaki mai sanyi, da su jiragen ƙasa da bankuna ke saita lokaci. Shi ke kula da janareta. Mutum ne matsoraci, ko fanka ta yi tari sai ya zabura.

"Yaya Girdhari, sha shayinka, duniya ba za ta tashi ba," in ce.

"Ke dai Bimla, bakinki ya fi tukunyarki zafi."

Da 'yarsa Sunehri ta samu ciki, ya rantse jikansa ba zai gaji duhunsa ba. Kullum sai ya saita agogon hannunsa da na ofis, don ya tsaya da shi a ƙofar ɗakin haihuwa.

Ranar da naƙuda ta zo, tsakar rana a watan Mayu, wutar gari duka ta ɗauke. Babban janareta ya tashi ya mutu. Na leƙa, na ga shugabar ɗakin, Madam Kulkarni, macen da ban taɓa ganin ta yi sauri ba, tana gudu ba takalmi.

"Girdhari, batir na ƙarewa, ɗakin na zafi! In agogunan suka mutu mun shiga uku!"

Waya kuma na ta ruri a aljihunsa, daga asibiti ake nemansa. Ya durƙusa gaban ƙaramin janareta, yana matsa masa mai da hannu, don da ya saki sai ya shaƙe. Ya miƙo min ɗayan hannun.

"Kwance agogon nan ki ruga asibiti. Bimla, don Allah, ko minti kar ki kuskure."

Wayyo, hanya! Danjoji sun mutu, motoci sun cushe, jirgin ƙarƙashin ƙasa ya tsaya. Na tattare sarina, zanen da ke jikina, na bi da ƙafa. Ko da na isa asibitin unguwa, an haihu. Yaron ya zo ba numfashi, da fitilar waya aka yi ta fama da shi har ya yi kuka. Wa ke ta agogo?

Agogunan ƙasa ba su tsaya ba. Da la'asar Girdhari ya shigo, baƙin mai har gwiwar hannu. Ya dubi jikansa, ya dube ni. Na kasa ɗaga kai.

"Ƙarfe nawa?"

Surukar Sunehri ce ta amsa, da fara'arta. "Haba, ai na riƙe. Daidai lokacin da mai mangwaro ke wucewa."

Na miƙa masa agogonsa. Bai karɓa ba.